Waƙar Daɓen Goggo Dije a Bakin Fiyano

Shekara huɗu ke nan da aka fitar da Goggo Dije daga gidana da ke unguwar Ainu Shams a Alƙahira aka kai ta makwancinta, a ƙasar da ba ta san kowa ba sai ni da ɗanta. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kama, nakan dafa shinkafa in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ni ba marubuciya ba ce, a sakandare karatuna ya tsaya, aikina tukunya da tarbiyyar yara. Amma an taɓa mini Goggo tana kwance, kuma wanda ya taɓa ta ba bare ba ne.

Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye, a ɗakinta na girma har aka kai ni gidan miji. A ƙauyenmu ita ce zabiyar daɓe. Na san yaran da aka haifa a kan siminti da tayil ba su san daɓe ba, don haka bari in faɗa. Idan za a kai amarya, mata ne ke gyara mata ƙasan ɗaki. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na itace, su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta ta yi sumul kamar bayan ƙwarya. Aiki ne mai karya ƙugu, waƙa ce ke rage wa mutum nauyinsa. Zabiya ta bayar, sauran su amsa, madaɓai su sauka tare. Goggo ce mai bayarwa. Kuma ƙa'ida ce ba a barin zabiya a rataye: in ta jefo baiti dole a cafe, ko da numfashinki ya kusa ɗaukewa.

Ɗaya ƙa'idar ita ce, namiji ba ya zama a gidan da ake daɓe. A cikin waƙoƙin akwai zambo, akwai tsokanar dangin ango, akwai irin maganar da mata ke yi wa juna in sun tabbata babu kunnen namiji a kusa. Ina tuna ranar da wani mai jinka ya maƙale a kan rumbu a gidan da muke aiki, wai bai gama ɗauri ba. Goggo ta ɗaga hannu, madaɓai suka tsaya cak. Ta tura wata tsohuwa ta gaya masa ko ya sauko, ko amarya ta kwana a kan tsakuwa. Ya sauko yana borin kunya. Haka ta rayu. Mijinta ma, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya labarin muryarta kawai yake ji a bakin ƙannensa mata.

Ɗa guda ne ya rayu mata, kuma shi ne ɗan farinta. Ta yi masa kunya irin ta mutanen da. A wurin kakarsa ya tashi, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in za ta ambace shi sai ta ce “wancan”. Ni ma ba zan faɗi sunansa a nan ba, amma ni ba kunya ce ta hana ni ba. Ya daɗe da riga ni zuwa Masar. Karatun Larabci aka turo shi, ya saki wannan hanya ya kama kiɗan Turawa, yanzu a Giza yake koya wa 'ya'yan masu hali fiyano. Yaya nake ce masa.

Da ciwon ƙoda ya matsa wa Goggo, dangi suka haɗa ƙarfi aka kawo ta asibiti nan Alƙahira. A wurina ta sauka, ni da maigidana wanda ke karatu a unguwar Darrasa. Yaya yakan zo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a falo, ita tana ƙuryar ɗaki, ni ce 'yar aike tsakaninsu.

“Ki ce wa wancan ya ƙara abinci, na ga ya rame.”

“Ta ina kika gan shi, Goggo?”

“Labule ai ba bango ba ne.”

A irin wannan zama na fara jin labarin waƙoƙin Sikotland. Yaya ba shi da hira sai ita, maigidana kuwa mutum ne mai haƙurin saurare. Wai a can ƙasar tuddai da tumaki, ƙauyawa suna da waƙoƙinsu na kiwo da na raino da na aiki, har akwai mata masu bugun ulu a kan katako suna bayarwa ana amsawa, kamar dai daɓenmu. Sai wasu masu buga littattafai suka tattara karin waƙoƙin ƙasar suka riƙa aika wa manyan masanan kiɗa na Turai, sau da yawa ma babu kalmomin, kari ne zalla. Su kuma suka ɗora musu fiyano da gogen Turawa, ƙarami da babba. Inda kalmomin asali suka yi kaushi a kunnen masu gari, aka sa wasu suka rubuta masu laushi, don matan manya su rera a falo. Yaya yana faɗa idonsa na ƙyalli. Ya ce waƙar makiyayi ce aka yi wa wanka aka sa mata riga ta shiga fada.

Da na kai wa Goggo kunu ta tambaye ni me wancan yake ta zuba haka. Na kwashe na gaya mata. Ta juya ludayi a cikin kwano ta ce, “Masu waƙar sun sani?” Na ce ai ina jin da yawansu sun daɗe da mutuwa kafin a yi. Ta ce, “Shi ya sa.”

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ina da tsohon ciki, ina zaune a ƙasan kicin ina dakan yaji a ƙaramin turmi, na shimfiɗa tawul a ƙarƙashinsa don kada maƙwabciyar ƙasa ta fara bugo mana rufi da sandar tsintsiya. Goggo ta ɗan ji sauƙi a ranar, ta fito ta zauna a kujera 'yar tsuguno. Maigidana ya tafi makaranta. Ƙofar waje kuwa na bar ta a sakaye ina jiran mai kawo tukunyar gas. Tana jin saukar taɓarya sai ta fara kaɗa kai, can na ji ta jefo:

“Ƙasa mai taurin kai, 'yar gidan su ango,”

bakina ya cafe tun kafin in yi tunani:

“Kwanta, kwanta, mun fi ki naci.”

Muka yi ta yi. Ta zagi rowar uwar ango, ta zagi ƙafar ango, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Rabon da in ga haƙoranta tun a gida. Ba mu san Yaya ya shigo ba, ba ranar zuwansa ba ce. Ashe yana tsaye a lungun ƙofa da waya a hannu. Sai da ya gama abin da yake yi sannan ya yi sallama. Goggo ta haɗiye sauran baitin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta dafa bango ta koma ɗaki. Ko a lokacin ban san ya ɗauki komai ba. Ba a daɗe ba jikin Goggo ya tashi, Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata likkafani, kuma na yi iyakar ƙoƙarina babu abin da ya bayyana daga jikinta wanda ba ta so a gani.

Sai bana. Wata maƙwabciyarmu 'yar Nijar mai sayar da turaren wuta ta tare ni a bakin bene tana murna, wai barka, ta ji za a sa muryar Goggona a babban ɗakin taro, da fiyano da goge, Larabawa da Turawa duk za su zo. Na ce wace Goggon? Ta nuna mini katin gayyata a wayarta. Na nemi izinin maigidana, washegari na hau jirgin ƙasa na metro na sauka na kama ƙaramar bas har Giza.

Ya karɓe ni da fara'a, ya kawo shayi. Kafin in buɗe baki ya zauna a gaban fiyano ya ce in saurari wani abu tukuna. Ya kaɗa ɗaya daga cikin na Sikotland ɗin. Ba zan yi ƙarya ba, da daɗi. Sanyi ne da shi kamar ruwan randa. Amma zuma ma da zaƙi take, kuma da harbi aka samo ta.

“Kin ji ko, Mairo? Da ba a rubuta wannan ba, da yanzu babu shi. Wa ke daɓe yau a garinmu? Ke kanki a kan tayil kike.”

Na ce, “Yaya, ka tambaye ta?”

“Uwata ce fa.”

“Na sani. Ka tambaye ta?”

Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, tun da aka haife shi bai taɓa jin ta kira sunansa ba, bai taɓa jin dariyarta ba sai ranar nan a bayan ƙofa. Ya ce ke kin sha muryarta kin ƙoshi, ni wannan kaɗai na samu. Wallahi maganar ta taɓa ni, har na ji ƙwalla. Da a nan ya tsaya, da ya ajiye abinsa yana saurare shi kaɗai in kewa ta taso masa, da ban ce uffan ba, da ma na roƙe shi ya tura mini. Amma sai ya ƙara da abin da har yau na kasa mantawa.

“Kuma kada ki damu, na cire muryarki gaba ɗaya. Goge ne zai yi amshin. Ke matar aure ce, ba zan so Malam ya ji babu daɗi ba.”

Ashe ya sani. Ba jahilci ba ne, ba mantuwa ba ce, ba zaman Masar ne ya wanke masa al'ada daga ka ba. Ya san sarai muryar mace irin tamu ba abin shimfiɗawa a gaban taro ba ce in ba ta yarda ba. Ya kiyaye tawa don ina da miji mai rai da zai iya ɗaga waya. Tata kuwa ya ga babu mai tsaya mata. Na ce masa, “Wato ni ina da mai magana, ita ba ta da kowa ke nan?” Ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri, Mairo. An riga an raba kati. Khalas, magana ta ƙare.”

Maigidana ya kira shi, ya yi masa nasiha irin ta malamai, a hankali, da ayoyi. Bai ji ba. Ni ba zan shiga gardamar malamai a kan kiɗa ba, ba fagena ba ne, masu ilmi sun yi maganarsu. Abin da na sani shi ne amana. Abin da mutum ya suturta yana raye, ba a yaye shi don ya mutu. Hausawa sun ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, to wannan ba kuka ya yi ba, fiyano ya kaɗa, kuma jifan da ya jawo mata da tafi aka yi shi.

Na je taron. Maigidana ne ya ce in je, gani ya kori ji, kada in yi hukunci da labari. Ya raka ni muka zauna can baya. Aka fara da na Sikotland. Wata Balarabiya cikin doguwar riga ta tsaya ta haɗa hannu a ƙirji tana rerawa da Turanci, Yaya na bin ta da fiyano, masu goge biyu na gefe. Kafin kowace waƙa sai a faɗi sunan babban masanin da ya shirya ta, mutane su gyaɗa kai. Ina zaune ina tunanin waɗanda suka fara rera su a bayan tumaki ko a kan shimfiɗar jariri. Ko ɗaya ba a ambata ba. Wataƙila wata a cikinsu za ta yi murna da an kai waƙarta fada. Wataƙila wata za ta ja mayafi ta koma ɗaki. Babu wanda zai taɓa sani, don ba a tambaya ba.

Daga ƙarshe Yaya ya miƙe ya yi jawabi da Larabci. Ya ce abin da za a ji yanzu kukan wata uwa ce daga ƙasar Hausa, tana begen ɗanta da ya yi nisa. Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. Waƙar da ake zagin rowar uwar ango ce ta koma begen ɗa! Su na Sikotland an canja musu kalmomi, ita Goggo an bar mata kalmominta an canja musu ma'ana, tunda an san masu sauraro ba sa jin Hausa. Ya share ƙarar taɓaryata, ya ja waƙar ta yi tsawo ta yi sanyi, fiyano na tafiya a ƙarƙashinta kamar mai rakiyar gawa. Wata mata a gabana ta ciro hankici tana share ido.

Sai muryar ta fito daga lasifika, ta cika ɗakin. Muryar Goggo, da 'yar shaƙewar nan da ciwo ya sa mata. Maza sun fi mata yawa a wurin, wasu sun lumshe ido, wasu sun ɗaga waya. Ta jefo baitin farko, ta tsaya inda take tsayawa, tana jira. Bakina ya buɗe da kansa. Na cusa gefen hijabina na cije. Goge ya amsa mata. Ta sake jefowa, na sake cijewa, goge ya sake amsawa. Tun ina 'yar ƙanƙanuwa da ƙaramin madaɓi a hannu ban taɓa barin Goggo a rataye ba sai ranar nan. In amsa, na tona kaina a gaban mazan da ita ta guje wa duk rayuwarta. In yi shiru, na bar ta ita kaɗai tana kira a cikin baƙi. Wannan zaɓin Yaya ya ɗora mini, kuma shi ne abin da na kasa yafe masa har yanzu, ina roƙon Allah ya sassauta mini zuciya.

Da aka gama aka miƙe ana tafi. A cikin masu tafin akwai namu, Hausawan Alƙahira, har da matan da suka zo gidana zaman makoki suka ci tuwon sadakarta. Su sun ji kalmomin, sun san ba begen ɗa ba ne, wasu ma na ga suna danne dariya. Amma babu wadda ta ce kanzil, kowa na jin daɗin an ambaci ƙasar Hausa a gaban Turawa. Yanzu abin ya bazu a wayoyi, ya tsallaka har gida. Ana turo mini shi ni ma, da rubutu a ƙasa: Allah sarki al'adunmu. Wace al'ada? Al'adar ita ce mai jinka ya sauko daga kan rumbu. Ku da kuke turawa, duk kun hau rumbun kun zauna.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga wannan zamani, da kowa ke yawo da kunnen sata a aljihu. Ba na jin za ta yi faɗa. Ba ta iya faɗa da wancan ba ko da tana raye. Ina jin hannu kawai za ta ɗaga, kamar yadda ta saba, madaɓai su tsaya, a zauna a jira har mai saurare ya gaji ya tafi. Sai dai wannan mai sauraren ba ya gajiya, kuma ba ya tafiya.

Ba zan ƙi gaskiyar da ke bakin Yaya ba. Daɓe ya tafi. Ɗakin ƙarshe da Goggo ta daɓe, na ji an zuba masa siminti. 'Ya'yana mata ba su taɓa riƙe madaɓi ba. Mai yiwuwa ne waƙoƙin Sikotland da yawa da sun bi iska ba don waɗancan masanan ba, ban musa ba, ban da ilmin musawa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da na ji a ɗakin taron nan ba waƙar daɓe ba ce da aka ceto, wata aba ce daban da aka gina a kan muryar matar da ba ta ba da izini ba. Waƙar Goggo ta gwiwa a ƙasa ce, da gumi, da ƙurar makuba, da mata goma sha suna haki suna dariya. Ba a yi ta don a zauna a kujera a lumshe ido ba.

Ban yanke zumunci ba, ina tsoron Allah, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da Salla na aika masa da abinci kamar kullum. Shi ya sa ya ga fuskar kira na a makon jiya. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito fili. Wai an yaba ƙwarai, ana son ƙari. Waɗancan masanan ma ba waƙa ɗaya suka shirya ba, littafi-littafi suka cika. Ya san Goggo na da waƙoƙi masu yawa, kuma ya san duk duniya babu wanda ya haddace su sai ni. Ba sai na rera a gaban kowa ba, in ji shi, in rera masa a waya kawai, shi zai rubuta karin.

Na ce masa, “Yaya, wadda ka samu a bayan ƙofa ka same ta. Sauran a cikin ɗaki suke.”

Suna nan a kaina, ta ranar zuba tsakuwa, ta tsakar rana in hannu ya fara mutuwa, ta tashi in an gama. In Allah ya nufa wata rana na samu kaina a cikin mata zalla, ƙofa a rufe, aiki a gabanmu, zan bayar su amsa, wadda ta riƙe ta riƙe. In kuma hakan bai samu ba, na san abin da nake yi: za a rufe su tare da ni, kuma wani zai ce na yi wa Hausa asara. Na yarda a faɗa. Goggo ba murya ta bar mini gado ba, sanin inda ake ɗaga ta da inda ake haɗiye ta ta bar mini, kuma wannan ba ya shiga waya. In ɓacewa ce makomar waƙoƙin nan, su ɓace da mayafinsu a ka.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya suturta ta a can fiye da yadda muka iya suturta ta a nan.